Jakar Da Malam Ya Zaɓa Da Kunnensa

Akwai wata yarinya mai haɗa shafukan intanet, ana ce mata Autar Gwaggo. Wani mai shagon jakunkuna da takalma ne ya ɗauke ta ta gina masa shafin da mutane za su riƙa saye ta waya. Ma'aikatansa Oga Yanzu-Yanzu suke ce masa a bayan idonsa, don shi komai yanzu yake so.

Auta kuwa ga naci kamar me! Kowace jaka sai ta ɗauka, ta shafa fatar, ta zuge zif, ta ƙirga aljihu, sannan ta rubuta bayani a ƙarƙashin hoton. Farashin ma ta ƙi yarda a manna shi cikin hoto.

Rannan oga ya tsaya a kanta ya ce, "Ke wai shafi kike gina min ko littafi? Hoto bai isa ba?"

Ta ce, "Yallaɓai, wanda ba ya gani wayarsa ce ke karanta masa. In babu rubutu, ‘hoto’ kawai za ta ce masa, shi ke nan."

Ya kece da dariya. "To makaho me zai yi da jakar gayu? Ki buɗe shafin nan cikin makon nan, da komai a ciki."

Lokacin da ta buɗe, jakunkuna sun cika tsaf da bayaninsu. Takalma kuwa bai ba ta lokaci ba, hotuna ne zalla, ta ce za ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ran oga ya ɓaci. Ya ce ba zai biya mutum yana shafa takalmi ba, wata na ƙarewa ta kama gabanta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don da aikin nan take riƙe da gwaggon da ta raine ta. Amma ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da rubutunta.

Ana gab da ƙarshen wata, sai ga wani dattijo da farar sanda ya shigo, matarsa na riƙe da hannunsa. A kafaɗarta akwai wata jakar shagon mai launin hanta.

Dattijon ya yi sallama ya ce, "Wa ya rubuta bayanin jakar nan?"

Oga ya zaci ƙorafi ne, nan da nan ya nuna Auta. "Ga ta nan, ita ce."

Dattijon ya juya inda ya ji motsinta. "'Yata, ni malamin makaranta ne. Tun da idona ya tafi, duk kyautar da zan yi wa baiwar Allahn nan, ita ke zaɓa, ita ke biya a wayata, sannan ta yi kamar ta yi mamaki."

Matar ta ce, "Kai malam, har da tonon silili?"

"Ai gaskiya ce. Wannan kuwa ni na zaɓa. Na ji an ce fata mai laushi, aljihu biyu a ciki, igiya mai faɗi da ba ta cin kafaɗa. Kafaɗarta na ciwo, na ce ita ce. Da aka kawo, kuka ta yi."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba, amma na daɗi.

Malam ya ƙara da cewa, "Na so in haɗa mata da takalmi. Da na shiga wajen, sai ‘hoto, hoto’ waya ke ce min."

Kunya ta kama oga, ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, laifina ne. Nan ba da jimawa ba za ka ji su duka."

Suna fita, da kansa ya shiga sito ya kinkimo kwalin takalma, ya dire a gaban Auta. "Babu inda za ki. Shafa su son ranki, ki rubuta."

Wallahi irin yaran nan su ke sa mutum alfahari.

Darasi: In ka buɗe shago, ka buɗe ƙofar da kowa zai iya shiga, mai gani da marar gani. Aikin da ka yi don wanda ba a tunawa da shi ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku tura wa duk mai sayar da kaya a intanet da kuka sani, ko Allah zai sa ya gyara nasa shafin.