Zalɓen da Ya Rasa Magaji

An yi wani tsohon Zalɓe da ya buɗe makaranta a bakin gulbi, a inuwar wani ɓaure. In dai batun ruwa ne, ba a ja da shi. Tun gulbi yana kwance lafiya lau yakan san ranar da zai yi ambaliya. Wannan sani a wurin kakansa ya gada. Amma danginsa duk sun tashi sun bar wurin, shi kuma ba ɗa ba jika. Abin da ke hana shi sukuni guda ɗaya ne: kada ya mutu da ilimin nan a cikinsa, babu wanda ya gada.

Sai dai Malam Zalɓe yana da wani hali. Girman kansa ya fi wuyansa tsawo.

Da aka ji labarin makarantar, ƙananan dabbobin da ke zaune a bakin gulbi suka yi ta zuwa, har inuwar ɓaure ta yi musu kaɗan. A cikinsu akwai Kurege, wanda bakinsa ba ya mutuwa, da Bushiya, wadda haƙuri ya yi mata yawa.

Ran farko Malam Zalɓe ya shiga ruwa, ya naɗe ƙafa ɗaya, ya tsaya a kan ɗaya. Ya ce, "Karatun farko ke nan. Kowa ya shigo ya tsaya haka, daga hantsi zuwa azahar."

Tsakani da Allah, tsayuwar nan tana da dalili. Zalɓe yakan bar ƙafa ɗaya ta bushe, sannan ya tsoma ta. In ya ji ruwan ya fi na jiya sanyi, ya san an yi ruwan sama mai yawa can nesa, yana tafe. Amma bai taɓa gaya wa kowa haka ba. A wurinsa, ɗalibi ya yi abin da aka ce kawai.

Kurege ya dubi ƙafafunsa, ya dubi Malam. Ya ce, "Malam, ni fa ƙafa huɗu Allah ya ba ni. Wacce zan tsaya a kai, kuma ina zan rataye sauran ukun?"

Zalɓe ya ce, "Rufe mini baki, mara kunya! Haka kakana ya koya mini."

"Kakanka ai zalɓe ne. Ni saboda gyaɗata na zo. Bara ruwa ya shiga ramina ya ruɓar da ita duka, na sha yunwa har haƙarƙarina ya fito. Ka nuna mini inda zan haƙa rami, shi ke nan."

"Gyaɗa?" in ji Zalɓe, gashin wuyansa ya miƙe. "Ilimin kaka da kakanni za ka kawo wa zancen gyaɗa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Kurege ya ce, "To, a ci gaba da hangowa." Ya kaɗa jela ya yi gaba.

Kafin mako ya zagayo, Zomo ya ce ƙugunsa na ciwo, Gafiya ta ce tana da biki, kowa dai ya sami hanyar sulalewa. Aka bar Bushiya ita kaɗai.

Kullum da hantsi sai ta zo, ta gaida Malam, ta shiga gefen ruwa, ta ɗaga ƙafafu, ta faɗi tim. Ta tashi, ta sake, ta sake faɗuwa. Kwana arba'in tana wannan wahala ba ta ce uffan ba. Zalɓe kuwa a ransa ya fara jin daɗinta, har yana cewa wataƙila ita ce magajiyarsa. Amma ko sau ɗaya bai taɓa tambayarta abin da ya kawo ta ba.

Ran nan ta fito daga ruwa tana rawar sanyi, ta durƙusa ta ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

"Faɗi."

"Ramina yana can gangare, ƙarƙashin saiwar faru. 'Ya'yana uku ne a ciki, ko ido ba su gama buɗewa ba. Damina kuma ta kama. Yaya zan gane ruwa zai taso, don in kwashe su da wuri?"

Da Zalɓe ya so, a nan take zai ce mata ta lura da jan ruwa, da kumfa, da karan da ke tafe a kai, da kwaɗi in sun fara hawa tudu. Abin da bushiya za ta iya gani ke nan tana tsaye a kan ƙafafunta huɗu. Amma sai ya ɗaga baki sama ya ce, "Wannan karatun shekara ta bakwai ne. Ba a hawa bishiya ta ganye."

Bushiya ta ce, "Allah gafarta Malam, bushiya nawa ka taɓa gani ta yi shekara bakwai a duniya?"

"Au, ke ma baki ya buɗe? To, hanya a buɗe take. In kin gaji da jahilci kya dawo."

Ta yi masa sallama cikin ladabi, ta tafi. Ba ta sake dawowa ba.

Daga ran nan makaranta ta zama kufai. Zalɓe yakan fito da hantsi kamar kullum, ya kawar da busassun ganye daga wurin zaman ɗalibai, ya shiga ruwa ya tsaya. In ya ji motsi a ciyawa sai ya gyara tsayuwa, ya ɗaure fuska, ashe iska ce. Wani lokaci yakan yi tambaya da ƙarfi, ya jira, ya ba kansa amsa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, abin tausayi. Amma da ya taka ya je ya nemi ɗaliba, gara masa ya bushe a tsaye.

Wata safiya ya tsoma busasshiyar ƙafarsa, ya ji sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ya duba, ga kumfa, ga ruwa ya fara ja. Nan take ya tuna da ramin Bushiya da ke gangare. Ya buɗe fiffike zai tashi, sai ya mayar. Ya ce, "Ɗalibi ke zuwa wurin malami. Ita ta tafi, ita za ta zo ta tambaya."

Ya jira yini guda, ba ta zo ba. Kashegari ma haka. Yaya za ta zo, alhali ba ta san akwai abin tambaya ba? A idonta gulbi yana nan yadda yake.

A rana ta uku da la'asar ya ji rugugi daga gabas. Nan ne fa girman kai ya sake shi. Ya tashi sama yana ihu, "Ke Bushiya! Fito! Ruwa! Ruwa!"

Ina! Ruwa ya riga shi. Daga sama ya hango ta tana fama da igiyar ruwa, ɗa ɗaya a baki. Ta kai shi tudu, ta koma ta ɗauko na biyu. Da ta juya karo na uku, babu rami, babu saiwar faru, sai jan ruwa yana ta wucewa.

Bayan ruwa ya janye, dabbobin bakin gulbi suka yi ƙaura gaba ɗaya zuwa wani tudu mai nisa. Zalɓe ya yi kwanaki bai iya haɗiye ko ɗan kifi ba. Daga bisani ya bi sawunsu, yana tafe wuya a lanƙwashe.

Kurege ne ya fara ganinsa. Ya ce, "A'a, Malam ne da kansa? Nan ba ruwa, sai dai ka tsaya da ƙafa ɗaya a kan tsakuwa."

Zalɓe ya wuce har ƙofar ramin Bushiya. Ta fito ta gaishe shi, duk ta rame, 'ya'ya biyu suna biye da ita.

Ya ce, "'Yata, na zo ne da kaina. Babu sauran tsayuwa, babu jiran shekara. Faɗa mini abin da kike so ki sani game da ruwa, yanzun nan in koya miki."

Bushiya ta dube shi, ta ce, "Allah gafarta Malam, abu ɗaya ne ya rage nake so in sani. Ina ruwa ya kai mini autana?"

Duk ilimin Malam Zalɓe babu wannan amsa a ciki. Ta jira shi kaɗan, ta tattara 'ya'yanta suka shige rami.

Ya koma bakin gulbi shi kaɗai. A nan ya ƙarasa kwanakinsa, kuma ranar da ya mutu ilimin kakanninsa ya bi shi, domin babu wanda ya karɓi ko kalma ɗaya.

Darasin wannan labari shi ne, girman kai rawanin tsiya ne, ko a kan mai ilimi. Ba a ce malami ya zubar da abin da ya sani don ya faranta wa ɗalibai ba. Amma kowane ɗalibi akwai abin da ya taso shi daga gida, kuma ta wannan ƙofa ilimi ke shiga. Malamin da bai tambayi ɗalibinsa buƙatarsa tun tana da amfani ba, wata rana zai tambaya, a ba shi amsar da ba zai iya ɗauka ba.