Esin Ɗakin Inna

Akwai wani direban motar makaranta da ƙannensa ke kira Yaya Babba. Shi ne ɗan fari, kuma tun rasuwar mahaifinsu ya saba shi ke bayarwa, ba a ba shi.

Mahaifiyarsu, Inna, a gidansa take. Tana fama da hawan jini, zafi kuma ba ya yi mata da daɗi, shi ya sa ya sa mata esi, na'urar sanyaya iska, a ɗaki.

Ana tsakiyar zafi, esin ya yi wata ƙara ya ɗauke. Mai gyara ya zo ya kwance, ya girgiza kai. Ya ce injin ya ƙone, gyaransa asara ce, gara a sayi sabo. Da ya haɗa kuɗin sabon da na waya da na ɗaurawa, Yaya Babba ya ji gumi ya karyo masa. Albashinsa kaf bai kai ba.

Matarsa ta ce ya gaya wa ƙannensa. Ya ce Allah ya kiyaye, shi da ya yi musu hidimar makaranta ba zai miƙa musu hannu ba.

Kwanaki suka shuɗe. Fanka sai iska mai zafi take hurawa. Inna ta daina barci, ƙafafunta suka kumbura, amma in ya tambaye ta sai ta ce lafiya lau. Wannan ya fi komai cin ransa. Ƙarshe ya yanke shawarar sayar da babur ɗin da yake zuwa aiki da shi.

Mai saye na ƙofar gida yana murza babur ɗin, sai ga ƙanwar Yaya Babba, wadda nas ce, ta zo auna jinin Inna. Ta shiga ta tarar da tsohuwa jiƙe sharkaf da gumi tana fifita da murfin kwali, jinin kuma ya hau sosai. Matar Yaya Babba ta kwashe komai ta gaya mata.

Ta fito ta ba mai saye haƙuri ya tafi, sannan ta juyo ga yayanta.

"Yaya, kai kaɗai Inna ta haifa? Ka yi mana gata, mun gode. Amma ladan uwa, kar ka cinye kai kaɗai."

 Ya zauna bisa babur ɗin ya sunkuyar da kai.

Nan take ta kira Auta da sauran. Babu wanda ya ƙi, sai dai mitar an ɓoye musu. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, Yaya Babba ya cika da nasa. Washegari aka ɗaura sabo.

Sanyi na ratsa ɗakin, Inna ta ja zane ta rufa, ta ce, "Da kun gasa ni, yanzu kuma daskarar da ni za ku yi?" Aka kwashe da dariya. Kafin a gama dariyar, barci ya ɗauke ta.

Yaya Babba ya tsaya bakin ƙofa yana sauraron numfashinta. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ja ƙofar a hankali.

Darasi: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɓoye damuwa ga ɗan'uwa ba jarumta ba ce, musamman in wani ke shan wahalar shirunka. Ku tura labarin nan ga babban yaya ko babbar yayar gidanku, ku ce musu kuna nan.