Dokar Gadar Ɗanmusa

Ɗanmusa shi ne mai garin Tungar Ƙirya, wani ƙauyen manoma tsakanin Gatawa da Turba. Jarumi ne, amma girman kai ya yi masa katutu. Ko gaisuwa ba ya son wani ya riga shi gamawa.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin, ƙauyuka suka yi alkawari a tsakaninsu. Duk wanda ya hangi babura a daji zai buga wa maƙwabta waya, kuma wanda ya gudo za a buɗe masa ƙofa. Ɗanmusa ya ce shi ba ya ciki. Ya tara gayya aka haƙa rami mai zurfi kewaye da gari, aka ɗora katakai uku a matsayin gada. Ranar da aka gama, ya shelanta cewa daga yau garinsu mai cin gashin kansa ne, kamar biranen kakanni. Ba sa karɓar umarni daga hukumar Isa ko ta Sabon Birni, shari'arsu da tsaronsu duk a hannunsu.

Ya kuma kafa doka: da an ji ƙarar babura a janye katakan, ko wa ya rage a waje.

Limamin garin, Malam Hafizullahi, ya same shi a keɓe. "Ranka ya daɗe, gonakinmu fa suna bayan ramin. Garin da ba a faɗa mai labari, mi za ya tsare?" Ɗanmusa ya yi dariya, ya ce malam ya tsaya ga sallarsa.

Sau biyu mutanen wani ƙauye suka gudo da goyo da tsofaffi, ya hana a ba su hanya. Daga nan wayarsa ta daina ƙara. Mutanen gari kuwa tsoro ya cika su, ko akuya ta yi motsi a cikin kara sai gaba ya faɗi, amma babu mai iya magana.

Wata Talata da hantsi, lokacin girbin gero, mata suka fita kai abinci gona. Cikinsu har da Surayya, 'yarsa tilo. Ƙauyuka uku sun ga ayarin babura ya nufo Tungar Ƙirya, babu wanda ya kira.

Ɗanmusa yana zaure ya ji rugugin. Ya fito a guje ba takalmi, ya tarar masu gadi sun riga sun janye katakan. A ƙetaren ramin ga mata sun yi cirko-cirko, ƙura na tasowa a bayansu.

"Baba, ku sa muna gada," in ji Surayya.

Ya rungumi katako guda shi kaɗai yana ja, don masu gadin duk sun tsere. Bai kai shi bakin ramin ba baburan suka iso. Yana ji yana gani aka ɗora ta a baya aka nufi daji da ita.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, babu garin da ya isa ya tsaya shi kaɗai, komai zurfin raminsa. Shugaban da ya yanke zumunci da maƙwabta don a ce ya isa, ya sani ranar tsoro ba shi da mai gargaɗi, kuma dokar da ya kafa ba tausayi ba za ta tausaya wa nasa ba.