Ɗakin Ƙasa na Matar Hedimasta

Akwai wata mata mai ɗan ofishin sayar da tafiye-tafiyen hutu, kowa Anti Tikiti yake ce mata. Wani babban kamfani ne ke haɗa jirgi da otal da mota a farashi ɗaya, ita kuma ta sayar wa mutane. Tebur biyu ne a ofishin, nata da na yayanta, sai fanka mai ƙara kamar injin niƙa.

Tana da wani hali da ke ba yayan haushi. Ba ta barin kowa ya sa hannu sai ta karanta masa yarjejeniyar layi-layi. Duk abin da mutum ya roƙa sai ta sa an rubuta, kamfanin ya buga hatimi.

"Ke da lauya kika zama da mun huta," in ji shi kullum.

Wata rana wani tsohon hedimasta ya shigo da matarsa tana dogara sanda. Shekara talatin da biyar yana yi mata alkawarin kai ta ta ga teku, sai yanzu da ya yi ritaya Allah Ya nufa. Roƙonsa ɗaya ne.

"'Yata, gwiwar mamanki ba ta hawa bene. Ɗaki a ƙasa muke so."

Anti Tikiti ta sa aka rubuta, aka buga hatimi, suka tafi suna murna.

Ranar da suka sauka, da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Hedimasta ne, sai ba da haƙuri yake kamar shi ya yi laifin. Otal ɗin ya cika, an ba su ɗaki a hawa na uku, lif kuma ya lalace. Matarsa na zaune a kujerar wurin karɓar baƙi, har ta fara cewa su koma gida kawai.

Yayan ya ɗaga kafaɗa. "Mu fa sayarwa muka yi. Ki ba shi lambar kamfani su ƙarata can."

"Yaya, fuskata ya sani, ni ya kira 'yarsa. In tura shi wajen wa?"

Ta kira manajan kamfanin. Mutumin ya amsa da ƙyar, ya ce ɗaki ai ɗaki ne, su yi haƙuri zuwa jibi. Ya kashe waya.

Ran Anti Tikiti ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta yi hayaniya ba. Ta ɗauki takardar yarjejeniyar da fulas ɗinta na shayi, ta hau tasi sai ofishin kamfanin. Ta yi sallama, ta ja kujera gaban teburin manajan, ta shimfiɗa masa shafin.

"Ranka ya daɗe, wannan hatimin waye?"

"Namu ne. Amma laifin otal ne."

"Ku kuka zaɓi otal ɗin. Ga shi nan a rubuce, in abin da aka yi alkawari bai samu ba, ku za ku ba su irinsa ko wanda ya fi shi, ba ƙarin kuɗi."

"To, ki je, za mu duba."

Sai ta buɗe fulas ta zuba shayi a murfi. "Uwar mutane na can zaune a kujera, ni ma ga ni a kujera. Idan ta samu ɗaki, na tashi."

Manaja ya ɗauka wasa ne. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Duk wanda ya shigo sai ta gaishe shi da fara'a, in ya tambayi lafiya ta ba shi labarin gwiwar matar hedimasta daga farko har ƙarshe. A kan mutum na huɗu manaja ya share zufa ya ɗauki waya da kansa.

Kafin la'asar mota ta kai hedimasta da matarsa wani otal da ke kusa, ɗaki a ƙasa, ƙofarsa na kallon ruwa.

Daga baya tsofaffin malamai sun yi ta zuwa ofishinta, wannan ya turo wancan, har yayan ya fara karanta wa mutane yarjejeniya da bakinsa yana haɗe rai. Amma abin da ya fi faranta mata shi ne kiran da ya shigo da la'asar ɗin ranar, tana cikin tasi za ta koma.

Muryar matar hedimasta ce, tana dariya kamar yarinya.

"'Yata, yi shiru ki ji."

Anti Tikiti ta yi shiru. Sai ga ƙarar igiyar ruwa tana zuwa tana komawa.

"Kin ji? Ƙafata ce a ciki. Da kaina na tako, ba wanda ya ɗauke ni. Allah Ya yi miki albarka."

Anti Tikiti ta ce amin, hawaye na zubo mata, har direba ya waigo yana tambaya ko lafiya.

Darasi: Idan ka sayar wa mutum tafiya, alhakinsa na wuyanka har ya dawo gida, kada ka ce ba kai ka shirya ba. Kai kuma matafiyi, duk alkawarin da aka yi maka, ka sa a rubuta kafin ka sa hannu. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shirin kai iyayensu hutu.