Ranar da Tururuwa Suka Bi Bayana

Ga ta nan, ga ta nanku, samari. Ku ce ta zo mu ji ta. To ta zo, amma na rantse ba za ku yarda ba.

Ni Tunau, da na bar makaranta a aji huɗu don malamai sun rasa abin koya mini, ni na kai wa namun daji dimokuraɗiyya. Na tarar da su suna rigima kan rumbun geronsu. Giwa ke riƙe da shi, don ta fi kowa ƙiba.

Sai na ce, "Haba Gwaggo Giwa, ai an wuce nan. Yanzu layi ake yi. Kowa ya tsaya bayan wanda yake so, mai dogon layi shi ya ci."

Kura ta ce, "Ɗan boko, babba da ƙarami duk ɗaya?"

"Duk ɗaya. Kowane kai ƙuri'a guda."

Sai aka ce wa zai riƙe rumbu? Sai na faki ido na shafa zuma a dunduniyata. Sai ga tururuwa, layi har bakin rafi. Giwa ta waiga, Kura kaɗai ta gani, ita ma tana hamma. Na karɓi rumbu.

Sai aka ce wa zai riƙa rabo? Sai na ƙara shafa zuma. Na sake lashewa. Na yi rabon adalci: ni masaki, kowa ludayi, tururuwa ƙaiƙayi.

Uwar tururuwa ta zo ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, yarana yunwa suke ji."

Na ce, "Iya, ai kun lashe rabonku tun ranar zaɓe."

Ta dube ni, ta dubi yaranta da ba sa ƙirguwa. Ta ce, "Ashe haka abin yake."

Da kaka ta yi, sai uwar tururuwa ta kira taro. Na iso a makare, ana cewa a yi layi. Ga zumata ta ƙare. Sai na waiga, ga tururuwa reras a bayana, har da Giwa da Kura.

Na bugi ƙirji. "Kun gani? Ko ba zuma jama'a na ƙaunata!"

Kura ta ce, "Wace zuma, ɗan boko?"

Na yi tari.

Uwar tururuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ka tsaya jin tambaya ba. Cewa aka yi wa zai kwaso sabon gero daga gona, shi kaɗai, har rumbu ya cika."

Na ce, "Maguɗi ne! A sake!"

Giwa ta ɗago dami da haurenta. "Jama'a na ƙaunarka, ɗana. Duƙa."

To samari, ku ji daga bakin wanda ya sha: kada ku sayar da layinku don lasar zuma. In kuma an bi bayanku, ku tuna na baya shi ke kallon ƙeya.

Ƙurunƙus kan tururuwa. Wani ya zo ya kama mini damin nan, wuyana zai karye.