Ragon Sunan da Ɗayyabu Ya Turke

Akwai wani bawan Allah a Ɗankaza, can gefen Wudil, ana ce masa Ɗayyabu mai raguna. Sana'arsa ke nan: ya sayo ɗan rago a kara, kasuwar dabbobi, ranar Juma'a, ya turke, ya yi ta ɗura masa dusa da harawa har ya cika ya batse.

Amma kullum akwai rago guda a gidan da ba na sayarwa ba ne. Wannan ragon suna ne. Da an yanka na bana, kafin mai jego ta gama wanka, Ɗayyabu ya turke na baɗi.

'Yan majalisarsu sukan tsokane shi su ce, "Kai dai gidanka ba a rabo da kunun kanwa." Shi kuwa sai ya gyara hula, ya ce, "Ai namiji ke nan."

Matarsa Suwaiba ita ta san abin da take ji a jikinta. A haihuwa ta shida sai da aka yi mata tiyata. Likita ya ja Ɗayyabu gefe ya ce, "Malam, a bar baiwar Allahn nan ta huta 'yan shekaru. In ta sake ɗaukar ciki da wuri, ɗinkin zai iya fashewa."

Ɗayyabu ya ce to. Suna fita ƙofar asibiti ya ja tsaki.

Da ta ɗan ji ƙarfi, Suwaiba ta same shi yana ba raguna ruwa, ta durƙusa. "Baban Khaulat, don Allah ka bar ni in je a yi min abin tazarar haihuwar nan. Ba dainawa zan yi ba, numfashi kawai zan ɗan yi."

"Likita ne ke ba da rai, ko shi ke ɗauka?" in ji shi. "Ni ke da gidan nan. Ƙafarki ba za ta taka asibiti ba sai ranar riga-kafin yaro."

To, ranar riga-kafin ce yayarsa Barakatu ta raka ta. Barakatu ba ta da tsoro, kuma ita ta yi jinyar Suwaiba, ta ga komai da idonta. A ranar aka sa wa Suwaiba ɗan tsinken nan na ƙarƙashin fatar dantse, wanda mata ke kira ashana. Suka dawo gida bakinsu ƙanin ƙafarsu.

Asiri ya rufu na 'yan watanni. Wata safiya Suwaiba ta ɗauko bahon dusa za ta kai wa ragon suna, santsi ya kwashe ta, Ɗayyabu ya cafki dantsenta. Sai ya ji wani abu a ƙarƙashin yatsansa. Ya ƙara dannawa. Ya dube ta, ta sunkuyar da kai.

Jama'a, kun san abin da mutumin nan ya yi? Bai mayar da ita asibiti ba, don ya san can za a yi masa magana. Garzali wanzami ya kira, wanda ke yi wa duk 'ya'yansa askin suna.

Garzali ya duba, ya ja da baya. "Ɗayyabu, wannan ba aikina ba ne. Ni ƙaho na sani da aski."

"Kai da kake cire beli a maƙogwaron jariri, ɗan tsinke ne zai gagare ka? Cire min shi."

Mutumin da ba ya yarda likita namiji ya duba matarsa, shi ya riƙe hannunta da kansa a tsakar gida, wanzami ya tsaga da wata aska mai jan zare a ƙota. Suwaiba ta cusa gyale a baki ta cije. Da aka gama, magana ɗaya ta yi: "Baban Khaulat, yaran nan fa ƙanana ne."

Ya karɓi tsinken ya wurga bayan katanga. Ita kuma ba ta faɗa wa Barakatu ba, don kada ta haɗa ɗan'uwa da 'yar'uwarsa faɗa.

Ba a jima ba ciki ya shiga. Ɗayyabu ya ƙara wa ragonsa dusa, murna fal ransa.

Ranar da naƙuda ta zo, da jini ta zo. Aka ɗauke ta zuwa Wudil, daga can aka ce maza a wuce Kano. Ɗinkin ya fashe, kamar yadda aka faɗa masa. An ciro jaririya da rai. Suwaiba kuwa ko fuskarta ba ta gani ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Barakatu ce ta yi mata wanka. Tana ɗaga hannun hagu, sai ta ga tabo baƙi, karkatacce, irin wanda babu asibitin da zai bari a jikin mutum. Ta fito ta kira ƙaninta soro.

"Ɗayyabu, wa ya yanka mata hannu?"

Ya kawar da kai gefe.

"Ni duk watannin nan ina cewa ikon Allah ne, cikin ya shiga duk da ashanar. Ashe kai ne? Da aska, Ɗayyabu? Kamar wata dabbar turke?"

"Yaya, wallahi ban zaci..."

"An faɗa maka. Likita da bakinsa ya faɗa maka."

Ranar bakwai ta zo da abu biyu, suna da addu'ar mamaciya, a tabarma ɗaya. Aka kwance ragon nan da ya fi kowanne ƙiba aka yanka. Liman ya raɗa wa yarinya suna Suwaiba, babu wanda ya yi guɗa. Masu ta'aziyya aka raba wa naman.

Garzali ya zo askin suna, bai iya haɗa ido da kowa ba. Ya buɗe zabira ya zaro aska. Ɗayyabu na ganin jan zaren nan ya zube ƙasa, ya fashe da kuka irin wanda ba a taɓa jin namiji ya yi a Ɗankaza ba.

Yau Khaulat, babbar 'yarsa, ita ke goyon jaririyar, makaranta ta tsaya. Ɗayyabu na nan yana kiwonsa, amma turken ragon suna har yanzu babu komai a jikinsa. Ya kasa turke wani, ya kuma kasa tuge shi.

Darasi: Shugabancin gida amana ce, ba izinin wasa da ran mace ba. Idan likita ya ce jikinta na buƙatar hutu, ka zauna ka saurare ta, ku yanke shawara tare, ka kai ta asibiti da ƙafarka. Ku tura wa magidanta wannan labari, wataƙila a wani gidan an riga an turke rago.