Ragowar Ruwan Sarki Tunau

A zamanin da mutum da aljan ke cin kasuwa ɗaya, an yi wani sarki a Birnin Tsamiya, Tunau ɗan Gajere jikan Barmo, dogo, baƙi wuluk, mai faɗa da cikawa. Da rijiyoyin birnin suka ƙafe, ya tafi fadar Zarƙamu sarkin aljannun ƙarƙashin ƙasa, ya yi masa bauta shekara bakwai don a sako wa talakawansa ruwa.

Ran da wa'adi ya cika, rana ta fito ja wur kamar garwashi, ungulaye suka jeru bisa ganuwa, sai ga sarki biyu a ƙofar gari, kama ɗaya, murya ɗaya, har tabon goshi ɗaya. Makaɗa suka saki gangunansu. Kowa ya san sharaɗin Zarƙamu: ɗayansu aljani ne cikin kamar sarki, wanda aka buɗe wa ƙofa shi ke da birni har abada, in kuwa aljanin ne, to har jikoki sun zama bayi. Waziri ya yi ta tambayar asali, duka biyun suna amsawa daidai, don shekara bakwai ta ishi aljani ya haddace mutum.

Sai Magajiya Kande, tsohuwa mai tsaron rijiyar gari, ta fito da ƙwaryar maraba. Al'adarsu tun kaka da kakanni, sarkin da ya dawo ba ya shan ruwa sai ƙwarya ta zaga jama'a, shi ke shan ragowa. Abin da mutum ya saba da shi kuwa ba ya ba da labarinsa, shi ya sa bai taɓa shiga kunnen aljani ba.

Na dama ya miƙa hannu da ƙasaita ya ce, "Kawo, uwata, babba ke buɗe ƙwarya."

Na hagu, leɓɓansa duk sun tsage, ya harɗe hannuwa ya ce, "Allah ya ja kwananki, Magajiya, ina Jatau makaho? Ai shi ke fara sha."

Ta sunkuyar da kai ta ce Jatau ya rasu kwana uku kafin ruwa ya dawo.

Nan take na dama ya zama hayaƙi, ungulaye suka bi shi. Tunau ya tsaya cikin rana har la'asar, ƙwarya na zagawa daga mahauci zuwa kuturu. Abin da ya iso gare shi bai fi cikin cokali ba, ya haɗa da hawayensa ya shanye, sannan aka buɗe ƙofa. Allah ya ji ƙan Jatau.